Kashe waya ba shi ke tsare sirri ba

A ƙauyenmu nan gefen Ringim, in za a yi maganar sirri a zauren dagaci sai a ce kowa ya kashe waya ya ajiye kan faifai, wai shi kenan ba mai ji. Wallahi 'yan uwa abin nan na damuna. A 1945 Rashawa sun ba jakadan Amurka a Mosko kyautar tambarin ƙasar Amurka da aka sassaƙa da katako, ya rataye a gidansa, ashe akwai na'ura ciki, ko batir babu, daga waje ake harba mata siginar rediyo ta kwaso maganar ɗakin, sai 1952 aka gano ta. WhatsApp ma saƙo yake kullewa a hanya, ba ya hana na bayan zana jin muryarka.