Wai mine ne "lakwal bilang" da ake ta faɗa?

Tun da aka fitar da kundin sake gina ƙasar Nijar a watan Maris 2025, wanda ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, maganar bilang ta dawo bakin mutane, a fada, a gurup na WhatsApp, har wajen suna. Wasu na cewa shi ke nan an kori Faransanci daga lakwal, wasu kuma na cewa ai yaƙi da jahilci ne aka sauya ma riga. Duka biyun ba haka ba ne.

Bilang dai makaranta ce da ake koyarwa da harsuna biyu, ba a lokaci guda ba kuma ba rabi da rabi ba. Yaro ya shigo CI, ajin farko na firamare, ana fara mashi karatu da rubutu da lissafi da harshen da ya taho da shi daga gida, Faransanci na shigowa a hankali, da baki tukuna, gaisuwa, waƙa, sunayen kayan aji, daga baya rubutu, kowace shekara ana ƙara mashi wuri har zuwa CM, azuzuwan ƙarshe na firamare, inda shi ne ke ɗaukar mafi yawan darussa, harshen gida ya koma darasi guda cikin darussa. Hikimar abin ita ce sau ɗaya mutum ke koyon karatu a rayuwa. Yaron da ya gane cewa b da a su ne ba, ya karanta "baba ya tafi gona" ya san abin da ya karanta, ba sai an sake koya mashi yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ba in an zo Faransanci, abin da ya rage a nuna mashi inda suka saɓa, cewa u ɗinmu can ou ake rubutawa, sh ɗinmu can ch ne, sai kuma p da za a yi ta fama da ita don bakinmu f ya sani.

Kuma abin ba baƙo ba ne a garin nan. Makarantar gwaji ta farko a Nijar nan Zinder aka buɗe ta a 1973, da Hausa, daga baya aka yi irinta da Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da Faransanci, ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa guda 10, har da Tubanci, Larabci, Buduma, Gurmanci da Tasawak. INDRAP, cibiyar binciken koyarwa da ke Yamai, ta buga littattafai. Kenan takardu ba su ne suka yi ƙaranci ba, shekara hamsin da ɗoriya ana abu har yanzu wasu na kiranshi gwaji, ni kam wannan ya fi komi ba ni haushi.

Ka duba lissafi kawai. Yarinya 'yar shekara bakwai da ke taya uwarta tallar ƙuli-ƙuli, ka ba ta jika ka sayi na dala talatin, wallahi kafin ka sa hannu aljihu ta faɗa maka canjinka, dala ɗari da saba'in. Ita ɗin ce za ta zauna a aji mushe, wato malami, ya rubuta 150 F a tabulo ya tambaye ta da Faransanci ta yi zuru, don a kanta wannan kuɗin talatin ne ba ɗari da hamsin ba, kowace dala faran 5 ce kuma ba wanda ya taɓa gaya mata. A lakwal ɗin da muka saba sai a ce ba ta da kai. Malamin bilang daga dalar zai fara, ya sa yara su lissafa da ita, ga ruɓanyawa da 5 ta fito da kanta, sannan ya ba su sunan abin da Faransanci. Waɗanda suka yi zamanin sambol, wancan ƙashi ko itacen da ake rataya ma wanda bakinshi ya suɓuce ya yi Hausa, sun san yadda mutum ke shekara biyu yana wi mushe bai san abin da ya amsa ba.

Amma ga inda nake son mu Hausawan Damagaram mu yi hattara, don in an ce harshen gida sai mu ɗauka Hausa ake nufi. Jihar nan ba Hausa kaɗai ba ce. Gure akwai Mangawa, Tanut akwai Buzaye da Dagirawa, Tesker akwai Tubawa da Larabawa, Fulani kuwa ko'ina, cikin gari ma ga 'ya'yan ma'aikata da soji da aka yo ma afektasiyo daga Dosso ko Tillaberi, Zabarmanci suke yi a gida. Aji guda a Garin Malam ko Zango za ka iya samun harshe huɗu zaune kan tabarma ɗaya. Yaron da aka kawo daga rugga jiya, in aka ce yau da Hausa za a koya mashi, an rage mashi nauyi dai, tunda yana jin ta a kasuwa da wajen wasa, amma har yanzu ba da harshen uwarshi ake magana ba. A ƙauyen da kowa Barbarci yake yi ba gardama, a buɗe aji da Barbarci. Cikin gari ne abin ke da wuya, dole a ɗauki harshen da mafi yawa ke ji, sauran kuma aikin malami ne.

Kuma aikin ba wani mai tsada ba ne. Malama ta san tun ran rantire wa ke jin mi, ta zaunar da sabon zuwa kusa da wanda ke jin harshenshi ko da na ajin gaba ne aka aro na ɗan lokaci, ta koyi gaisuwa da ƙidaya ɗaya zuwa goma da Fulatanci ko Tubanci daga bakin yaran, ran da ta faɗa ta karkace aka yi dariya, wanda bai taɓa buɗe baki ba shi zai gyara mata. Ta kira sunan yaro yadda uwarshi ke kira. Ta san cewa ɗan Fulani da ya sunkuyar da kai ana yi mashi magana kunya ce da ladabi, ba taurin kai ba, wani ma in ka ce ya faɗi sunan babanshi gaban jama'a sai ya yi shiru, ba don bai sani ba. Sai wasan tobasai, abin alfaharinmu ne har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, Bafulatani da Babarbare su yi ta zolayar juna ba mai fushi, amma yaro guda cikin yara sittin ana ta kwaikwayon Hausarshi kullum, wannan ya tashi daga wasa, kuma mushe ne ya kamata ya tsawata.

Iyaye da ke tsoron ɗansu zai rasa Faransanci ya kasa birbe da bak, ban ga laifinsu ba, jarabawa da neman aiki har gobe da shi ake yi. Abin tsoron dai ba tsarin ba ne, yadda ake yin shi ne, a horar da malami a ENI, makarantar horon malamai, ko wajen bita, shekara na zagayowa a ɗauke shi a kawo ɗan kwantiragi da bai taɓa rubuta ƙ da ɗ ba, ko a kai Bahaushe ajin Barbarci, littafi guda yara biyar. In an ce maka lakwal ɗin unguwarku ta koma bilang, je ka tambayi direkta wane harshe aka ɗauka, malamin CI da na CP, aji na biyu, sun samu horo ko a'a, littattafan sun iso ko suna hanya, kuma a wane aji ne Faransanci zai fara shiga kaye.