Waiwaye: Yadda Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaura lafiyar Ba'amurke a wuyan aikinsa

Duk mai ɗan'uwa a Amurka ya taɓa jin irin wannan kukan a waya. Aikin ya ishe shi, ya ga wani da ya fi kwanta masa a rai, amma ba halin ajiyewa, don inshorar lafiyar gidansa gaba ɗaya a wurin aikin take. Ranar da ya miƙa takardar barin aiki, daga ranar lissafin maganin sukarin maiɗakinsa da na asmar ɗansa zai fara komowa kansa. Mu da muka saba biyan asibiti daga aljihu sai mu ji abin banbaraƙwai: mene ne haɗin wanda ya ɗauke ka aiki da likitan da zai duba matarka?

Su ma can tambayar da suke ta kai ruwa rana a kanta ke nan. Duk kakar zaɓe sai an tayar da ita. Wasu na son gwamnati ta yi wa kowa inshora guda, wasu na cewa a sakar wa kasuwa mara, ana kuma ta ja-in-ja kan tallafin da ake bai wa masu sayen inshora da kansu. A 2023 ƙasar ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, wajen kashi 18 cikin 100 na arzikin da ta samar a shekarar, amma duk da haka mutum kimanin miliyan 26 ba su da inshora ko ɗaya. Sama da rabin jama'ar kuwa ta wurin aiki suke samunta, inda zubin shekara na iyali guda ya haura dala 25,000 a 2024. Masu muhawarar galibi daga 2010 suke fara labari, shekarar dokar da ake kira Obamacare, kamar a ranar abin ya faɗo daga sama. Ruwa dai ba ya tsami banza. Igiyar nan tun 1942 aka fara tufkarta, kuma waɗanda suka tufka ta ba maganar lafiya ce a gabansu ba.

Abin da yaƙin ya yi wa Amurka sananne ne, ba sai an ja shi ba. Japan ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, ƙasar ta shiga yaƙin da kakanninmu suka sani da yaƙin Hitila, wanda ya kai wasunsu har dazuzzukan Boma. Amurkawa wajen miliyan 16 suka sa kaki, sama da 400,000 ba su dawo ba. Mata miliyoyi suka shiga masana'antu. Baƙaƙen fata suka yi ta barin gonakin audugar Kudu zuwa Detroit da Chicago da gaɓar Kalifoniya. Da aka gama, dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta kai miliyoyi makaranta, ta ba su lamunin gida, unguwanni suka bazu a bayan gari, aka yi ta haihuwa daga 1946 zuwa 1964 har jarirai wajen miliyan 76. Waɗannan ne ake koyar da yara a aji. Abin da nake so mu tsaya a kansa ɗan layi ne cikin wata doka da ko sunan asibiti babu a takenta.

Kafin yaƙi, inshorar lafiya baƙuwa ce ga yawancin Amurkawa. A 1929 wani asibitin jami'ar Baylor da ke Dallas ya ƙulla da malaman makaranta cewa kowa ya zuba dala 6 a shekara, in ciwo ya kwantar da shi yana da kwana 21 a gado ba tare da biyan komai ba. Daga nan tsarin inshorar asibiti na Blue Cross ya samo tushe. Amma har zuwa 1940 waɗanda suke da inshorar kwanciya asibiti ba su cika ɗaya cikin goma ba. Sauran in ciwo ya zo sai a kira likita gida, a biya shi abin da ya sawwaƙa, ko a ci bashi.

Sai yaƙi ya juya kasuwar ƙwadago kife. Ƙasar da a 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki yake zaune, a 1944 marasa aikin ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Samari sun tafi fagen daga, masana'antu na aiki dare da rana, kowa na farautar hannu. Kuɗi ya cika aljihun mutane, abin saye kuwa babu: an daina ƙera motocin farar hula tun farkon 1942, sukari da nama da gahawa da fetur duk sai da kati. Hukumomi ba su manta da yaƙin farko ba, lokacin da farashi ya kusan ninkawa tsakanin 1915 da 1920. Don haka a watan Oktoba 1942 majalisa ta zartar da dokar daidaita farashi da albashi, Shugaba Roosevelt ya bi ta da umarni. Aka sa wa albashi linzami, galibi a inda yake tsaye a tsakiyar Satumbar shekarar. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma dama sun yi alkawarin ba yajin aiki har a gama yaƙi.

A cikin bayanin abin da ake nufi da albashi ne aka bar 'yar kafa. An ce kuɗin inshora da na fansho, in dai ba su wuce kima ba, ba sa cikin lissafi. Ina kyautata zaton wanda ya karanta layin a lokacin ko gira bai ɗaga ba, don a idon kowa waɗannan 'yan tsarabe-tsarabe ne da ke gefen albashi, irin kyautar goro bayan an gama ciniki.

Amma sa kanka a takalmin mai masana'anta a 1943. Gwamnati ta ba ka kwangilar jirage ko harsasai da wa'adi. Kana neman mai walda, maƙwabcinka ma shi yake nema, doka ta hana ku duka ƙara ko sisi. Da me za ka janyo shi? Da abin da doka ta bari. Sai ka ce masa albashi dai ɗaya ne ko'ina, amma a nan in ka kwanta asibiti mu za mu biya.

Haraji ya zo ya ƙara wa abin armashi ta fuska biyu. Yaƙi ya ci kuɗi, sai aka faɗaɗa harajin kuɗin shiga: masu biyansa da a 1939 ba su wuce 'yan miliyoyi ba, kafin ƙarshen yaƙi sun haura miliyan 40, kuma daga 1943 aka fara zaftare shi daga albashi tun kafin ya shiga hannu. Talakan ma'aikaci a karon farko ya san zafin haraji. A shekarar ce kuma aka yi hukuncin cewa kuɗin da kamfani ya zuba wa ma'aikatansa a inshorar haɗaka ba za a lissafa shi cikin abin da ma'aikaci zai biya wa haraji ba. Wato dala guda ta albashi sai an gutsure ta, dala guda ta inshora kuwa cif take zuwa. Ta ɓangaren kamfani, rarar ribar da ya ci saboda yaƙi ana karɓe har kashi 90 cikin 100 nata. Kuɗin da dama baitulmali za su tafi, me zai hana a kashe su wajen faranta wa ma'aikata? Kowa ya yi lissafinsa daidai. A nan ne nake ganin asalin lamarin yake, kuma shi ya sa nake gajiya da masu neman mutum guda da za a nuna da yatsa.

Su ma masu sayar da inshora tsarin ya yi musu daɗi. In ka buɗe shago kana sayar wa ɗaiɗaikun mutane, wanda ya ji alamar ciwo ne zai fara ƙwanƙwasa ƙofa, mai lafiya ya yi zamansa, asusu ya karye. Adashen da kowa ke son kwasar farko ba ya zagayowa. Ma'aikatan masana'anta kuwa aiki ne ya tara su, yawancinsu majiya ƙarfi, zubinsu kuma daga ofishin albashi yake fitowa a dunƙule, ba bin gida-gida.

Wanda ya fi fito da hoton zamanin shi ne filin ƙera jiragen ruwa na Henry Kaiser a Richmond ta Kalifoniya, inda a Nuwamba 1942 aka harhaɗa jirgin dakon kaya cikin ƙasa da kwana biyar. Dubun dubatan baƙi sun kwararo garin, asibitocinsa ba za su ɗauke su ba. Sai Kaiser da likita Sidney Garfield suka kafa tsarin da ma'aikaci ke zuba santi 50 a mako a duba shi. Da yaƙi ya ƙare aka buɗe shi ga kowa a 1945, kuma har gobe yana nan da sunan Kaiser Permanente.

Wani abin lura, a wannan 1942 ɗin ce dai aka wallafa rahoton Beveridge kan kyautata jin daɗin jama'a a Ingila, wanda ya share hanyar kafa hukumar lafiya ta kowa da kowa ranar 5 ga Yuli 1948. Yaƙi ɗaya, shekara ɗaya, ƙawaye biyu, kowacce ta kama hanyarta. Ingila bama-bamai sun sauka a kan mai kuɗi da talaka, gwamnati ta riga ta karɓi ragamar asibitoci don jinyar waɗanda suka jikkata, jama'a sun ɗanɗana. Biranen Amurka ba su ga wannan ba. Abin da ma'aikacinta ya ɗanɗana shi ne katin inshora daga hannun kamfani.

Linzamin albashi bai daɗe ba bayan yaƙi aka cire shi. Da a ce kafar nan ta toshe tare da shi, da labarin ya ƙare a nan. Amma baƙon da aka ce kwana uku zai yi ya riga ya kafa bukka. A Nuwamba 1945 Shugaba Truman ya aika wa majalisa buƙatar a yi inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya. Ta zo a lokacin da yaƙin cacar baka ke kankama, duk abin da ya yi kama da hannun gwamnati a cikin sana'a ana yi masa kallon gurguzu, sai ta sha ruwa. Ƙungiyoyin ƙwadago da yawa sun goyi bayanta, amma shugaban ƙungiya ba zai ce wa mambobinsa su jira majalisa ba alhali ga kamfani a zaune a gabansa. Bayan guguwar yajin aikin 1945 da 1946, wadda ta kwashi ma'aikata kusan miliyan 5, da hukunce-hukuncen ƙarshen shekarun 1940 da suka tabbatar cewa fansho da inshora abin ciniki ne tsakanin kamfani da ƙungiya, sai ƙarfi ya koma can. A 1950 ƙungiyar masu ƙera motoci ƙarƙashin Walter Reuther ta ƙulla yarjejeniyar shekara biyar da General Motors, wadda aka yi wa laƙabi da Yarjejeniyar Detroit: ga fansho, ga rabin kuɗin inshorar lafiya daga kamfani. Sauran manyan masana'antu suka bi sahu. Zuwa wannan shekara kusan rabin Amurkawa na da inshorar asibiti. A 1954 aka rubuta yafe harajin nan ɓaro-ɓaro cikin kundin dokar haraji, ya tashi daga hukuncin ofis ya zama doka.

A daidai lokacin ne asibiti ya zama abin so. Yaƙi ya sa an iya sarrafa fenisilin da yawa, tiyata ta inganta, wata doka ta 1946 ta zuba kuɗi wajen gina asibitoci har a ƙananan garuruwa. Haihuwar da a 1940 kaɗan ta haura rabi a asibiti, zuwa 1950 ta kusa tara cikin goma. Magani ya fara aiki, ya kuma fara tsada, kuma wanda yake kwance ba shi ne yake ganin takardar kuɗin ba.

Tsarin ya zana wa al'umma layin da ba a rubuta ba. An gina shi a kan magidanci mai aiki a babban kamfani, wanda zai shekara talatin a wuri guda. Matan da aka sallama daga masana'antu da sojoji suka dawo, lafiyarsu ta koma rataye a katin miji, in aure ya mutu katin ya bi shi. Leburan gona, 'yar aikin gida, yaron ƙaramin shago, mai sana'ar kansa, duk suna waje, kuma a Kudu baƙaƙen fata ne suka fi yawa a ayyukan gona da na gida. Tsoho kuma ranar da ya yi ritaya inshora take sallamarsa, a daidai shekarun da ciwo ke fara sallama. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne waɗanda suke ciki su ne masu ƙungiya, masu ƙuri'a a dunƙule, masu murya. Da suka samu nasu, kukan a yi wa kowa ya rasa masu amshi.

Duk abin da ya biyo baya faci ne a gefen wannan riga. A ranar 30 ga Yuli 1965 Shugaba Johnson ya sa hannu kan inshorar gwamnati ta Medicare ta 'yan shekara 65 zuwa sama da Medicaid ta marasa galihu, a garin Independence na jihar Missouri, Truman yana zaune a gefensa, shi aka miƙa wa kati na farko. A tsakiyar shekarun 1980 aka yi dokar da ta ba wanda ya rasa aiki damar riƙe inshorarsa har wata 18, in zai iya biyan kuɗin duka da kansa, ga wanda albashinsa ya yanke. Ita kanta dokar 2010 ba ta kwance igiyar ba. Ta buɗe kasuwa ga waɗanda suke waje, sannan ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama ya yi musu inshora ko ya biya tara.

Wuri guda ne dokar ta gwada taɓa tsohon yafe harajin nan. Ta tanadi harajin kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura wani mizani cikin inshorar wurin aiki mafi tsada, zai fara a 2018. Kamfanoni ba su so, ƙungiyoyin ƙwadagon da suka shekara da shekaru suna haƙura da ƙarin albashi don a kyautata musu inshora su ma ba su so. Aka ɗage shi zuwa 2020, aka sake ɗagewa zuwa 2022. A Yuli 2019 majalisar wakilai, wadda 'yan jam'iyyunta biyu da kyar suke haɗuwa a kan komai, ta kaɗa ƙuri'a 419 da 6 a soke shi, kuma a Disamba aka soke, ba a taɓa karɓar ko dala ɗaya ba. Wata uku bayan haka korona ta rufe ƙasar, ayyuka sama da miliyan 20 suka salwanta a Afrilu 2020 kaɗai, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka sallama sun koma gida suna lissafin kwanakin da suka rage wa katin asibitinsu.