Alhakin masu fasaha ga al'umma da dangantakarsa da 'yanci

Alhakin masu fasaha ga al'umma batu ne da masana adabi da na falsafa da na shari'a suka daɗe suna taƙaddama a kansa. Ya shafi marubuci da mawaƙi da mai zane da mai sassaƙa da ɗan wasan kwaikwayo da mai shirya fim. Tambayar ita ce ko akwai haƙƙin jama'a a wuyansu game da abin da aikinsu zai haifar, ko kuwa iyakar abin da ake binsu shi ne su kyautata sana'arsu. Batun ba ya rabuwa da na 'yanci, domin wanda aka tilasta masa faɗin magana, ba a yaba masa a kanta, ba a kuma cika ɗora masa laifinta. Da sunan alhakin nan fasihai da yawa suka ƙalubalanci masu mulki, kuma da sunansa masu mulki suka rufe bakin fasihai.

Tushen muhawarar

Galibi akan fara tarihin batun daga Aflaton, masanin falsafa na ƙasar Girka. A littafinsa na Jamhuriya, wanda ake kyautata zaton ya rubuta wajen shekara ta 375 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce mawaƙa kwaikwayo kawai suke yi, suna tunzura zuciya, suna kuma koya wa yara ƙarya game da alloli. Don haka a birnin da ya zayyana ba a bar waƙa ba sai ta yabon alloli da ta mutanen kirki. Ɗalibinsa Aristotal ya sassauta, yana ganin wasan kwaikwayo mai ban tausayi yana wanke zuciyar mai kallo daga tsoro da tausayin da suka taru a cikinta.

A Musulunci, ƙarshen Suratus Shu'ara, daga aya ta 224 zuwa ta 227, ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Hassan bin Sabit ya kare Annabi (SAW) da waƙoƙinsa. Malamai da yawa sun tafi a kan cewa waƙa magana ce, ana duba abin da ta ƙunsa kafin a yi mata hukunci.

Tsawon ƙarnoni, a yawancin ƙasashe, mai fasaha a hannun sarki ko attajiri ko shugabannin addini yake ci, kuma ga wanda ya ɗauki nauyinsa yake amsa tambaya, ba ga talakawa ba. Michelangelo, mai zane na ƙasar Italiya, ya kammala babban zanensa na ranar hisabi a majami'ar Sistine da ke Rum a 1541. Shugabannin coci suka yi ta ƙorafi a kan tsiraicin da ke ciki, har a 1565, shekara guda bayan rasuwarsa, aka sa wani mai zane, Daniele da Volterra, ya bi ya zana ƙyallaye a jikin mutanen ya rufe musu al'aura.

Ƙarni na 19

Da buga littattafai da jaridu ya yawaita, marubuci ya fara samun abin kansa daga masu saye, sai tambayar ta sake kama. A Faransa taken "fasaha don fasaha" ya yaɗu. Théophile Gautier, a gabatarwar wani littafinsa na 1835, ya yi iƙirarin cewa abin da ba shi da wani amfani shi kaɗai ne kyakkyawa na gaskiya. Maganar ta yi kama da tsokana, kuma tsokanar ce, amma martani ce ga masu neman mayar da adabi wa'azi ko talla. A 1857 aka gurfanar da marubuci Gustave Flaubert da mawaƙi Charles Baudelaire a gaban kotu, kowanne bisa zargin ɓata tarbiyya. An wanke Flaubert. Baudelaire kuwa aka ci shi tarar faran 300 tare da haramta waƙoƙinsa shida, hukuncin da ba a soke ba sai 1949. A Ingila, Oscar Wilde ya rubuta a 1891 cewa ba a auna littafi da ɗa'a ko rashinta, sai da ko an rubuta shi da kyau ko ba a yi ba.

Leo Tolstoy na Rasha ya tsaya a ɗaya ɓangaren. Wajen 1897 ya bayyana cewa fasaha hanya ce ta isar da abin da mutum ya ji a ransa zuwa ga wani, kuma wadda ba ta haɗa kan mutane ba, ko talaka ba zai fahimce ta ba, ba ta cika ba. Da wannan ma'auni ya yi watsi da yawancin littattafansa na baya. Ranar 13 ga Janairu 1898 marubucin Faransa Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridar L'Aurore yana zargin manyan sojan Faransa da ɗaure wani hafsan soja, Alfred Dreyfus, bisa ƙarya. Aka sami Zola da laifin ɓata suna, ya tsere Ingila. Daga nan marubucin da ke sa sunansa da mutuncinsa a cikin rigimar jama'a ya zama abin koyi.

Lokacin da gwamnati ta karɓe alhakin

A Tarayyar Sobiyet an rushe ƙungiyoyin marubuta masu zaman kansu a 1932, kuma taron marubuta na 1934 ya tsayar da salo guda na dole: a nuna rayuwa yadda take tafiya zuwa gurguzu. Stalin ya kira marubuta injiniyoyin ran ɗan'adam. A Janairun 1936 jaridar Pravda ta caccaki wani wasan kiɗa na Dmitri Shostakovich, ta ce hayaniya ce ba kiɗa ba. Shostakovich ya janye babban kiɗansa na huɗu ana tsakiyar gwaji, ba a ji shi a fili ba sai 1961. Mawaƙi Osip Mandelstam ya mutu a sansanin fursunoni a 1938. A Sin, jawaban da jagoran 'yan gurguzu Mao ya yi a garin Yan'an a 1942 sun ce adabi ya yi wa ma'aikata da manoma da sojoji hidima, ƙarƙashin jagorancin jam'iyya.

A Jamus ta 'yan Nazi an ƙona littattafai a Mayun 1933, kuma a 1937 aka shirya baje koli a Munich na ayyuka sama da 600 da aka ƙwace daga gidajen tarihi, aka rataye su a cunkushe da rubutun izgili a bango domin jama'a su yi dariya. A wannan shekarar Pablo Picasso ya nuna zanensa na Guernica a Paris, a kan ruwan bama-baman da aka yi wa garin a Sifaniya ranar 26 ga Afrilu. Leni Riefenstahl, wadda ta yi wa Hitler fim a 1935, ta dage har ƙarshen rayuwarta cewa ita aikin fasaha kawai ta yi. Masu cewa gwaninta ba ta ɗauke wa mutum alhaki sukan kafa hujja da ita.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masanin falsafa na Faransa Jean-Paul Sartre ya haɗa alhaki da 'yanci wuri guda. A rubuce-rubucensa na 1947 ya ce marubuci yana magana ne da 'yancin mai karatu, saboda haka ba zai yiwu ya yi rubutu mai kyau don bautar da mutane ba, kuma shirunsa ma matsayi ne da za a tambaye shi a kai. Albert Camus, da ya karɓi kyautar Nobel a 1957, ya ce wurin marubuci yana tare da waɗanda tarihi ke takawa, amma ya ƙi yarda a mayar da shi kakakin wata jam'iyya. Wannan matsayi na Camus ya fi jure wa zamani.

Afirka

A lokacin neman mulkin kai da bayansa, marubutan Afirka kaɗan ne suka rungumi taken fasaha don fasaha. Chinua Achebe ya bayyana a 1965 cewa marubuci malami ne, aikinsa ya nuna wa mutanensa cewa tarihinsu bai fara da zuwan Turawa ba. Wole Soyinka ya yi kusan shekara biyu a tsare daga 1967. An kama Ngugi wa Thiong'o a Kenya a Disambar 1977 bayan wasan da ya shirya da ƙauyawa a harshen Gikuyu, aka tsare shi shekara guda ba shari'a. Mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 a kan wariyar launin fata, ta kuma shafe kimanin shekara talatin ba ta taka Afirka ta Kudu ba.

Labarin Christopher Okigbo ya fi sarƙaƙiya. Mawaƙi ne mai zurfin salo da ya ƙi karɓar kyautar da aka ba shi a bikin Dakar na 1966, don bai yarda a raba waƙa bisa launin fata ba. Da yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke sai ya ajiye alƙalami ya shiga sojan Biyafara, aka kashe shi a 1967. Ali Mazrui, masani ɗan Kenya, ya rubuta ƙagaggen labari a 1971 inda aka yi wa Okigbo shari'a a lahira, bisa tuhumar ya fifita yaƙi a kan baiwarsa.

Matsayin dokokin duniya

Sashe na 19 na yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, ta 1966, ya ambaci fasaha a cikin hanyoyin bayyana ra'ayi, ya kuma ce wannan 'yanci yana tafe da nauyi na musamman. Ana iya taƙaita shi, amma sai da doka, kuma sai ya zama dole don kare mutuncin wasu, ko tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a da tarbiyyarsu. Sashe na 20 ya haramta tunzura ƙiyayya. Hukumar UNESCO ta fitar da shawara kan matsayin mai fasaha a 1980. Kotun duniya kan kisan kiyashin Ruwanda ta ɗaure mawaƙi Simon Bikindi shekara 15 a 2008. Ta yarda cewa wasu waƙoƙinsa sun rura ƙiyayya ga 'yan Tutsi, amma laifin da ta kama shi da shi kiran da ya yi ne da lasifika a kan hanya a 1994 cewa a kashe su.

Halin yanzu

Takurawa a yau ba daga gwamnati kaɗai take zuwa ba. Akwai masu zuba kuɗi, da kamfanonin intanet masu goge abin da ya saɓa ƙa'idojinsu, da taron dangi a shafukan sada zumunta, da tsoron da kan sa mai fasaha ya tace kansa tun kafin a tace shi. Batun ayyukan da ake ganin sun taɓa addini har yanzu ba a daidaita a kansa ba: wasu ƙasashe na hukunta ɓatanci, wasu sun soke irin waɗannan dokoki. Haka nan ana saɓani a kan ko ya dace a raba aiki da halin wanda ya yi shi.