Orkide mai son sanyi a Yamai: za ta rayu, za ta kuma yi fure?

Wanda aka taɓa kawo wa tsarabar orkide daga Turai ya san yadda abin yake. Tana isowa cike da fure, kowa na sha'awa, bayan wata biyu ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe, mai ita ya shiga zargin hannunsa. Sau da yawa hannun ba shi da laifi, irin da aka kawo ne na ƙasar sanyi. Ga tambayoyin da masu son wannan fure suka fi yi.

Mece ce orkide mai son sanyi?

Dangin orkide babba ne, yana da nau'i kusan 28,000, har da banila da ake sa wa kek don ƙamshi. Yawancin waɗanda ake sayarwa a tukunya, a daji bisa rassan itace suke zama. Amma ba kauci ba ne. Kauci yana tsotsar itacen da ya hau, ita kuwa orkide wurin zama kawai take nema, saiwarta a fili take, tana shan ruwan sama da raɓa, iska na busar da ita.

Masu son sanyi ƴan duwatsu ne. Odontoglossum da Masdevallia da yawancin Miltoniopsis daga tsaunukan Andis suke, a Kolombiya da Ekwador da Peru, wasu a tudun da ya kai mita 2,000 zuwa 3,000, inda gajimare ke sauka cikin daji kusan kullum. Manyan Cymbidium kuma asalinsu gindin Himalaya ne da kudancin Sin. Duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kamar digiri 6. Yamai kuwa tudunta bai wuce mita 200 da ƴan kai ba. A lura, Ekwador da Kolombiya sun fi mu kusa da tsakiyar duniya, saboda haka sanyinsu ba na wani lokaci ba ne mai zuwa ya wuce. Sanyi ne madaidaici mai laima, daga farkon shekara har ƙarshenta.

Me ake nufi da irin haɗi, kuma ina ruwana da shi?

Mutum ne ke ɗaukar garin furen wata orkide ya sa a furen wata, ya shuka abin da aka haifa. Wanda ya fara yin nasara shi ne John Dominy, ma'aikacin lambun Veitch a Ingila, haɗinsa ya yi fure a 1856. Yau ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ita ke riƙe da rajistar waɗannan haɗe-haɗe, kuma sun haura 100,000. Waɗanda ake sayarwa a Turai da sunan Cambria jikokin Odontoglossum ne da danginta, aikin da wani mai lambu ɗan Beljiyam, Charles Vuylsteke, ya yi fice a kai a farkon ƙarni na 20.

Ruwanka da shi babba ne, domin ɗa yana gadon juriyar iyayensa. Haɗin da ke da jinin orkide masu jure ɗumi, kamar Brassia ko Oncidium ta ƙasan dutse, yana ɗaukar zafin da zai kashe tsantsar Odontoglossum. Shi ya sa ƴar takardar sunan da ke soke a tukunya take da daraja. Kada a jefar da ita.

Wane sanyi suke so, wane kuma muke da shi?

Nan ne gizo ke saƙa. Masu son sanyi na ainihi suna son dare tsakanin digiri 10 da 13, rana tsakanin 18 da 24, da laimar iska kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. In rana ta wuce 27 kwana da kwanaki, sun shiga wahala. Cambria ta fi haƙuri kaɗan, tana ɗaukar daren 15 zuwa 18.

A Yamai, watan Afrilu rana na kai digiri 41 a matsakaici, dare kuma ba ya sauka ƙasa da 26 ko 27. Da damina rana ta ɗan yi sauƙi, amma dare na tsayawa wajen 23 zuwa 24. Disamba da Janairu ne kaɗai dare ke sauka wajen 16 ko 17, wani lokaci ƙasa da haka, kuma a lokacin iska a bushe take ƙwarai.

Mutane sun fi tsoron zafin rana, amma daren ne ke kisa. Da rana ganye na haɗa abinci da hasken rana. Da dare tsiro na cin abin da ya tara, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon saurin cin. Tsiron da aka halitta wa daren digiri 12, in ka kwantar da shi a 25, abin da yake ci ya fi abin da yake samu. Ba zai faɗi rana ɗaya ba. Sabon ƙullutun da ke gindin ganye, inda yake ajiye ruwa da abinci, zai fito ƙarami bai kai na bara ba, na gaba ya fi shi ƙanƙanta, har ya ƙare. Ni a ganina duk wanda bai warware maganar dare ba, bai kamata ya kashe kuɗinsa a kan waɗannan furanni ba.

Hunturu bai isa ba?

Yana taimako, amma wata biyu zuwa uku ne cikin goma sha biyu. Ga ƙura da ke toshe ganye, ga iskar da ke tsotse ruwa. A lokacin ɗari ana iya fitar da tukwane waje da dare a inuwar bango inda iska ba ta bugu, a maido su ciki da hantsi, a riƙa goge ganye da tsumma mai laima.

To yaya ake samar masu da sanyin?

Hanya ta farko ita ce wadda randa ke bi ta sanyaya ruwa: ruwa na tashi cikin busasshiyar iska, yana tafiya da zafi. Na'urar nan mai tankin ruwa da fanka da ake sayarwa a kasuwa haka take aiki, kuma ƙasarmu ta dace da ita. In waje na digiri 40 iska kuma a bushe, tana iya fitar da iska wajen 26, tare da laimar da orkide ke so. Da hunturu tana saukar da rana zuwa 21 ko 22. Aibinta shi ne da damina ta kankama iska ta cika da laima, sai ƙarfinta ya ragu ƙwarai.

Saboda haka daga Afrilu zuwa Oktoba sai na'urar sanyaya ɗaki. Ita kuma tana busar da iska, don haka a yi wa furannin akwati na gilashi ko na leda mai kauri a cikin ɗakin, a shimfiɗa tsakuwa mai ruwa a ƙasa ba tare da gindin tukunya ya taɓa ruwan ba, a sa ƙaramar fanka irin ta kwamfuta tana juyawa dare da rana. Laima ba tare da motsin iska ba ruɓa take kawowa. Masu kiwon Masdevallia a ƙasashen zafi sukan gyara firijin lemo mai ƙofar gilashi, su sa masa na'urar daidaita zafi da fitilar LED ta awa 12. Firijin abinci yadda yake, mai digiri 4, ya yi sanyi da yawa.

Sai maganar wuta. Lokacin da aka fi ɗauke ta shi ne bazara, lokacin da furen ya fi bukatarta. Rufaffen akwatin gilashi ba fanka yana iya dafa tsiro cikin yini ɗaya. Wanda ba shi da sola da batir, aƙalla na fanka, ya tsaya ga masu jure zafi.

Wace ƙasa ake zuba masu, wane ruwa kuma?

Ba a sa masu ƙasa sam, balle takin dabbobi. A Turai ɓawon itace da gansakuka ake amfani da su. A nan ana iya haɗa gutsattsarin gawayi da tsingaro da ɓawon kwakwa, amma a jiƙa ɓawon kwakwar kwanaki ana sauya ruwa don gishirinsa ya fita. Tukunyar ƙasa mai huda da yawa ta fi ta roba, domin tana sanyaya saiwa. Ƙaramar tukunya ta fi babba.

Saiwarsu ba ta son gishiri. Ruwan sama shi ne na ɗaya, a tara shi da damina. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ma yana da kyau in bututun na da tsabta. In ruwan rijiyarku na barin farin tabo a gindin buta, kamar yadda ake gani a wasu wuraren Adar masu farar ƙasa, kada a ba su. A zuba ruwa da safe har ya zubo ta ƙasa, a sake in saman ya fara bushewa. Takin zamani na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a kwalba ya isa, kuma lokaci-lokaci a wanke tukunyar da ruwa zalla.

Sabon ganye ya fito a naɗe, ya yi ƙunci-ƙunci. Ciwo ne?

Ƙishirwa ce ko bushewar iska a lokacin da ganyen ke fitowa, an fi ganinta a Miltoniopsis da Cambria. Wanda ya naɗe ba zai miƙe ba, na gaba ake gyarawa. Kafin a ƙara ruwa a duba saiwa: in ta yi baƙi ta yi laushi, yawan ruwan ne ya kashe ta.

Tana da rai, ganye kore shar, amma ba fure. Me ya sa?

Abu biyu ne galibi. Ko haske ya yi kaɗan, alamarsa ganye kore mai duhu sosai, ko babu tazara tsakanin zafin rana da na dare. Zangarniyar fure na fitowa daga gindin ƙullutun da ya gama girma, kuma tana bukatar dare ya fi rana sanyi da kamar digiri 6 zuwa 8 na makonni. Manyan Cymbidium sai sun sami darare wajen 10 zuwa 14, kuma in ɗumi ya dawo bayan toho ya fito, tohon ya yi rawaya ya zube. Hasken taga ta gabas da labule mai shara-shara ya wadatar, ranar tsakar gida kuwa ƙone ganye take.

Da wacce ya kamata sabon shiga ya fara?

Da Phalaenopsis. Tana son ɗumi, masu noma ta a Holan suna renonta a digiri 28, sannan su sauke zuwa wajen 20 na makonni don ta fitar da fure, aikin da hunturunmu zai iya taimakawa a kai. Sai Dendrobium irin na Tailan, da Ansellia africana, ƴar Afirka mai fure ɗige-ɗige wadda ta saba da rani. Wanda zuciyarsa ke kan dangin masu sanyi ya nemi Cymbidium Golden Elf, mai jinin Cymbidium ensifolium mai jure zafi, ko Oncidium Sharry Baby mai ƙamshin cakulan. In ɗaya daga cikinsu ta ƙetare bazara a hannunka ta sake fure, ka cancanci gwada Cambria. Masdevallia ta zama ta ƙarshe.

Zan iya sayen iri in shuka, ko in shigo da tsiro a jaka?

Ƙwayar orkide kamar ƙura take, ba ta da abincin tsira a cikinta. A daji sai wani naman gwari ya ciyar da ita, a ɗakin bincike kuma cikin kwalba ake tsirar da ita bisa dabarar da Lewis Knudson ya fitar a 1922. Irin da ake tallatawa a intanet ba zai tsira a tukunya ba.

Shigo da tsiro kuwa yana da doka. Duk dangin orkide na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, wadda Nijar ke cikinta, ko da yake an sassauta wa wasu irin haɗi na lambu. Ana kuma bukatar takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da aka saya. A tambayi mai sayarwa takardun tun kafin a biya, a kuma shirya tafiyar ta faɗo a Nuwamba ko Disamba, don tsiron ya sami watannin sanyi ya kafa saiwa kafin Maris.