Tsufan al'umma a Japan

Tsufan al'umma shi ne yanayin da tsofaffi ke ƙaruwa a ƙasa alhali haihuwa tana ja da baya. Cikin manyan ƙasashen duniya babu inda abin ya yi nisa kamar Japan. A shekarar 2023, kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65 ko sun haura. Yawan jama'arta ya kai miliyan 128 a wajen 2008, daga nan ya fara raguwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1947 zuwa 1949, ana haihuwar jarirai kusan miliyan 2.7 duk shekara. Yaran wancan lokaci, waɗanda Japanawa ke kira dankai, su ne dattawan yau. A 2023 kuwa, jariran da aka haifa ba su kai 730,000 ba, matsakaicin haihuwar mace ɗaya kuma ya sauka zuwa 1.20. Sai ya kai kusan 2.1 kafin 'ya'ya su cike gurbin iyaye.

Hankalin hukuma ya tashi ne da aka ga matsakaicin haihuwa na 1989, wato 1.57. Wannan ya gaza ko na 1966, shekarar da mutane suka ƙi haihuwa da gangan saboda camfin cewa yarinyar da aka haifa a shekarar "dokin wuta" ta kalandarsu ta gargajiya ba ta yi wa mijinta albarka. Babban dalilin raguwar shi ne jinkirin aure da ƙin yinsa, domin a Japan da wuya a haihu ba da aure ba. Tsawon lokacin aiki da tsadar renon yara sun ƙara dagula lamarin.

A da, jinyar tsoho aikin gida ce, galibi a wuyan matar babban ɗa. A watan Afrilun 2000 aka fara inshorar kula da tsofaffi, kaigo hoken, wadda duk mai shekara 40 zuwa sama yake biyan kuɗinta. Ta sauke wa iyalai nauyi sosai, sai dai masu jinyar ba su wadata ba, shi ya sa aka buɗe ƙofa ga ma'aikata daga Indonesiya a 2008, sannan Filifin da Vietnam. Tun 2021 doka ta buƙaci kamfanoni su yi ƙoƙarin samar wa ma'aikatansu aiki har shekara 70.

Tsufa da raguwar jama'a sun shafi gidaje ma: a ƙidayar gidaje ta 2023 an samu gidaje kimanin miliyan 9 da babu kowa a ciki, waɗanda ake kira akiya.