Mene Ne RJ45, Kuma Wane Gyara Yake Karɓa Idan Ya Lalace?

Duk wanda ya taɓa jona kwamfuta da rauta ta waya ya san ƙarar nan ta "ƙas" da ake ji idan kan wayar ya shiga raminsa ya zauna daram. Wannan ɗan kan roba mai haske kamar gilashi, wanda bai kai girman ɗan yatsa ba, shi ake kira RJ45. Ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya daina yin ƙarar, waya ta riƙa zamewa da kanta, intanet yana zuwa yana ɗaukewa, mutum yana ta zargin kamfanin da ke ba shi layi alhali matsalar tana bayan teburinsa.

Haruffan RJ gajarcewa ce ta kalmomin Turanci biyu da ke nufin soket mai rajista. Sunan ya samo asali ne daga harkar tarho a Amurka, inda a shekarun 1970 hukumar sadarwar ƙasar ta tsara nau'o'in soket da za a riƙa jona wayoyin tarho da su, kowane da lambarsa. Ƙaramin kan da ke jikin tarhon tebur, RJ11 ke nan. Shi kuwa wanda muke sa wa kwamfuta, sunansa na ainihi a wurin injiniyoyi 8P8C, wato gurbi takwas da haƙora takwas. RJ45 na asali wani tsarin tarho ne daban da ya yi kama da shi, sunan ya bi wannan ya manne, har masu ƙera shi ma da shi suke tallarsa. Fasahar da ke bi ta cikinsa, Ethernet, an ƙirƙiro ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox a 1973, amma sai a 1990 aka fitar da ƙa'idar da ta yaɗa amfani da ita a kan irin wannan waya mai murɗaɗɗun zare.

Ɗauki kan ka duba shi da kyau a wurin haske. A fuska ɗaya za ka ga haƙora takwas masu ruwan zinare a jere. A ɗaya fuskar akwai ɗan harshe na roba da ke lanƙwasa idan ka danna shi. Daga baya kuma, inda waya ta shiga, akwai wani ɗan tudu da aka danne ya cije rigar wayar. Abu uku ke nan, kuma kowane da aikinsa: haƙora su ke ɗaukar saƙo, harshe shi ke riƙe kan a cikin soket, tudun baya shi ke hana nauyin waya ya faɗa kan siraran zaren ciki. Kafin ka taɓa komai, gano wanne daga cikin ukun ne ya samu matsala, domin gyaran da ya dace da ɗaya ɓarna ne ga ɗaya.

Mafi yawan lokuta harshen ne ke karyewa. An jawo waya ta bayan kabad ya maƙale da wata wayar, ko kuma roba ta tsufa ta bushe, aka danna ta tsinke. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, idan harshe kaɗai ya karye, wayar lafiyarta ƙalau. Saƙo yana wucewa yadda ya saba, abin riƙewa ne kawai babu. Saboda haka duk dabarar da za ta tsayar da kan a wurinsa ba tare da ta taɓa haƙoran ba, gyara ne karɓaɓɓe. Wasu suna zagaya robar ɗaure kuɗi a wuyan wayar su maƙala ta a jikin na'urar ta riƙa jawo kan ciki. Wasu suna naɗe 'yar takarda mai kauri su cusa ta gefen da harshen yake, ta cike gurbin. Wannan yana aiki, da sharaɗin a sa ta gefen harshe kawai, kuma kada a yi mata dole. A cikin soket akwai siraran ƙarafa takwas masu tsalle kamar sifirin, su ne ke taɓa haƙoran, kuma idan ɗaya ya lanƙwashe an tashi daga matsalar waya an koma matsalar na'ura. Gam kuwa, kowane iri ne, kada ya kusanci ramin.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta mahaɗi, wato ɗan akwatin nan mai rami biyu, gaba da baya, da ake ƙara tsawon waya da shi. Ka sa karyayyen kan a rami ɗaya, ka naɗe su tare da salatif sosai yadda ba zai motsa ba, sannan ka ɗauko gajeriyar waya mai lafiya ka jona daga ɗaya ramin zuwa kwamfuta. Duk jan da za a yi, a kan mahaɗin zai ƙare, soket ɗin na'urarka bai san ana yi ba. Irin wannan gyara yakan yi watanni ba a ji kansa ba.

Labari yana canzawa idan ɓarnar ta kai ga zaren ciki. A nan sai an fahimci yadda aka gina wayar. Idan ka feɗe rigar za ka tarar da zare takwas na jan ƙarfe, an murɗe su bibbiyu kamar tufkar igiya, tagwaye huɗu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowane da abokinsa fari mai ratsin launinsa. Murɗin nan ba ado ba ne, kuma tsohuwar dabara ce, tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi mata rajista don layukan tarho. Zare biyun da ke tagwaye suna ɗauke da saƙo guda ne, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Idan hayaniyar lantarki ta taso daga wata waya ko wani inji da ke kusa, tana bugun zaren biyu daidai wa daida saboda suna ta musayar wuri a cikin murɗin, don haka bambancin bai canza ba, saƙo ya tsira. Ko yawan murɗin ma ba ɗaya ba ne tsakanin tagwayen huɗu, an bambanta shi da gangan don kada su riƙa shiga maganar juna. Shi ya sa ƙa'idar Cat5e, wani nau'i na wannan waya, ta ce kada a warware murɗin fiye da milimita 13 a wurin da za a sa kai. Milimita 13 fa, faɗin farce ɗaya.

To ka ga abin da ke faruwa idan ɓera ya ci waya ko ƙofa ta datse ta, aka fere zaren takwas, aka murɗa kowane da ɗan'uwansa da hannu kamar yadda ake haɗa wayar fitila, aka naɗe da baƙin salatif. Fitilar soket za ta iya kamawa, shafuka su buɗe, mutum ya ce ai ya gyaru. Amma an warware murɗi mai tsawon yatsa guda ko fiye, kuma mahaɗar tana kwance tana jiran danshi. Saƙonni suna lalacewa a hanya ana sake aiko su, sai a ga bidiyo yana tsayawa, kira yana yankewa, ba a san dalili ba. Ban ce kada a yi shi sam ba. Idan dare ya yi, aiki na jira, babu wata waya, a yi shi a fita kunya: a fere kaɗan iya yadda za a iya, a naɗe kowane zare shi kaɗai kafin a haɗa su, a mayar da murɗin kusa da mahaɗar gwargwadon hali. Sai dai gyaran kwana ɗaya ne ko biyu.

Akwai inda ba na goyon bayansa ko na awa ɗaya, wato wayar da ke ɗauke da wuta. Kyamarorin tsaro da yawa, da na'urorin Wi-Fi da ake maƙalawa a silin, da wayoyin tebur na ofis, ta cikin wannan wayar suke samun lantarkinsu, tsarin da ake kira PoE. Ƙa'idar farko ta 2003 tana ba da wat 15.4, ta 2009 ta kai wat 30, ta 2018 kuma har wat 90, a kan ƙarfin da ke kusa da bolt 50. Sako-sakon mahaɗa a irin wannan layi tana ɗumama, kuma zare biyu tsirara da suka taɓa juna suna iya lalata na'ura. Abin ya fi muni idan wayar ta alminiyom ce da aka yi wa fentin jan ƙarfe, irin wadda idan ka kankare zaren za ka ga fari a ciki, don ta fi saurin zafi da karyewa.

Gyara na gaskiya shi ne a yanke tsohon kan a sa sabo, aikin da masu sana'ar ke kira kirimfin, da wata filaya ta musamman mai ramin da ya dace da kan. Ba a sake amfani da kan da aka riga aka matse, domin haƙoransa sun riga sun nutse. Ana cire rigar waya kamar santimita uku, a hankali don kada reza ta yanki zaren ciki, a warware tagwayen, a miƙar da su tsakanin yatsu har su kwanta a jere. Ba a fere zaren ɗaya bayan ɗaya, haƙoran ne ke huda robar da kansu su cije jan ƙarfen idan an matsa. Jerin da aka fi amfani da shi ana ce masa T568B. Ka riƙe kan harshensa yana kallon ƙasa, haƙora suna kallonka, goshinsa yana gaba, ramin da waya ke shiga yana wajenka, sai ka fara daga hagu: fari mai ratsin lemo, ruwan lemo, fari mai ratsin kore, shuɗi, fari mai ratsin shuɗi, kore, fari mai ratsin ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ɗayan jerin, T568A, musayar wuri ne kawai tsakanin kore da ruwan lemo. Ba sai ka haddace ba, duba ɗaya kan wayar ta cikin robar ka kwaikwayi abin da ka gani.

Lura da yadda kore ya rabu biyu, ɗaya a gurbi na 3 ɗaya a na 6, shuɗi ya shiga tsakaninsu. Wannan ma gadon tarho ne, inda tagwayen tsakiya su ne layin farko, na biyu kuma ya kewaye su. A nan ne masu koyo suka fi faɗawa rami. Mutum zai ce tunda jerin ɗaya ne a kai biyun, ko wane launi ya sa a ko'ina daidai ne, sai ya jera tagwaye kusa da juna yadda ido ya fi so. Wuta za ta wuce, har ƙaramin abin gwajin waya mai fitilu takwas zai nuna komai lafiya. Amma gurbi na 3 da na 6 sun faɗa a kan zaren da ba tagwayen juna ba, kariyar murɗi ta tafi. A gajeriyar waya ba lallai a lura ba, a doguwa kuwa, wadda ta doshi iyakar mita 100 da aka ƙayyade, layin zai yi ta wahala.

Bayan an jera, a datse zaren su yi daidai, a bar abin da bai wuce milimita 13 ba, a tura har ƙarshen kowane ya bayyana a goshin kan, rigar wayar kuma ta shige ƙarƙashin tudun baya. Kan da ka ga zare masu launi suna leƙowa a bayansa, an bar nauyin waya a kan haƙora, ba zai daɗe ba. Wanda ba shi da filayar yana iya danna haƙoran ɗaya bayan ɗaya da siririn sukundireba mai faɗin baki, kan yana kwance a kan katako, sannan ya danne tudun baya. Yana yiwuwa, amma sai an tabbatar kowane haƙori ya nutse daidai da sauran, domin wanda ya rage a tsaye shi ne zai lanƙwasa ƙarfen soket. Wannan dannawar takan farfaɗo da tsohon kan da haƙorinsa ɗaya bai cije da kyau ba tun farko. Idan kuma datti ne ko tsatsa-tsatsa a haƙoran, auduga da ɗan sifirit sun isa. Kankarewa da wuƙa tana cire ruwan zinaren da ke hana su tsatsa.

Kowane gyara ka yi, kada ka tsaya ga ganin fitila ta kama. Layi mai gudun megabit 10 ko 100 zare huɗu kawai yake amfani da su, na gurbi 1, 2, 3 da 6. Mai gudun megabit 1000, wanda aka fitar da ƙa'idarsa a 1999, sai da duka takwas. Idan shuɗi ko ruwan ƙasa bai taɓa ba, na'urori da yawa ba za su yanke ba, za su sauko zuwa 100 ne shiru, ka ci gaba da aiki da kashi ɗaya cikin goma na gudun layinka ba ka sani ba. Shiga saitin hanyar sadarwa a kwamfutarka ka duba gudun da aka rubuta wa layin. Idan rauta da kwamfutar duka masu 1000 ne amma ka ga 100, akwai zaren da bai zauna ba. Sannan ka kama wayar kusa da kan ka ɗan girgiza ta kana kallon fitilar soket: idan ta ɗauke ta dawo, yanke kan ka sake sabo.