Rediyon dijital: amsoshin tambayoyin da na gaji da amsawa

Shekara da shekaru ina aikin injiniya a ɗakin na'urorin watsa shirye-shirye, kuma duk inda na zauna, wurin ɗaurin aure ne ko zaman makoki, sai wani ya matso ya ce, "Injiniya, wai da gaske za a kashe rediyo?" Bakina ya gaji. Ga amsoshin nan a rubuce. Wanda ya sake tambayata, nan zan turo shi.

Da gaske gwamnati ta sa ranar rufe FM a Najeriya?

A'a. Ba ta sa ba. Wanda ya turo maka saƙon a WhatsApp, ka ce ya faɗa maka ranar, ka ga yadda zai fara kame-kame.

To ai mun ji ana ta sanarwar komawa dijital, har biki aka yi a Jos.

Wannan talabijin ne. Sau nawa zan faɗa? A 2006 aka ƙulla yarjejeniya a Geneva ƙarƙashin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, aka ba ƙasashen yankinmu wa'adin 17 ga Yuni, 2015 su bar tsohon tsarin talabijin. Zangon FM ba ya cikin wannan wa'adi. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ta wuce, 2015 ta wuce, 2017 ma ta wuce. An ƙaddamar a Jos a Afrilun 2016, Abuja a Disambar shekarar, Ilori da Kaduna a ƙarshen 2017, Legas da Kano sai 2021. Wankin hula ya kai mu dare a talabijin, ina maganar rediyo?

Inda abin ya shafi rediyo guda ɗaya ne. Gurbin da aka tanadar wa rediyon dijital irin na Turai yana tsakanin megahaz 174 da 230, kuma nan ne tashoshin talabijin na tsohon tsari, daga lamba 5 zuwa 12, suka shimfiɗa tabarmarsu. Sai sun naɗe ta sannan baƙo zai samu wurin zama sosai.

Mene ne ma rediyon dijital ɗin?

A mayar da sauti lambobi, a tura ta iska, akwatinka ya mayar da su sauti. Shi ke nan. Ba ya cin data, ba ya son layin waya. Iri uku ne manya: DAB+ na Turai da Ostireliya, DRM da Indiya ta rungume, sai HD Radio na Amurka. Ba wanda ke jin yaren wani a cikinsu.

Rediyona yana da allo mai nuna lambar tasha. Na dijital ne ke nan?

A'a. Allon ne kawai na zamani.

An ce Norway ta kashe FM ba abin da ya faru. Me zai hana mu?

Wa ya ce maka ba abin da ya faru? Kuma ka san tsawon hanyar da suka bi? Tun 2011 majalisarsu ta gindaya sharuɗɗa: sai dijital na gidan rediyon gwamnati, NRK, ya kai ga kusan kowane gida kamar yadda FM yake kaiwa, sai na 'yan kasuwa ya kai ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, sai aƙalla rabin masu sauraro suna amfani da hanyar dijital kullum, sai kuma an samar wa masu motoci mafita mai sauƙin kuɗi. Sai a 2015 gwamnati ta ce an cika su. Aka fara kashewa ranar 11 ga Janairu, 2017 a lardin Nordland, ana bi yanki-yanki, aka ƙare a can ƙuryar arewa ranar 13 ga Disamba.

Dalilinsu na kuɗi ne. Ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, kowane lungu sai an kafa masa ƙaramar na'ura, gwamnati ta ce kuɗin watsa tashoshin ƙasa a FM ya ninka na dijital sau takwas. FM ɗinsu tashoshin ƙasa biyar kawai yake ɗauka, dijital ya ba su fiye da ashirin. Duk da haka, a ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi daf da farawa, kashi 66 cikin 100 suka ce ba sa so, motoci wajen miliyan biyu ba su da na'urar kamawa, kuma masu sauraro sun ragu bayan rufewar. Wani abin da masu ba da labarin ke tsallakewa: ƙananan tashoshin gari an bar su a FM.

Ku dubi sauran ma. BBC ta fara DAB, wato tsohon samfurin DAB+, tun 1995, amma a 2021 Birtaniya ta ce FM zai zauna aƙalla har 2030. Finland ta gwada ta rufe nata a 2005. Gidan rediyon gwamnatin Ireland ya kashe nasa DAB ɗin a 2021, ya bar FM. Masu wutar lantarki dare da rana ke nan.

Dijital ya fi FM daɗin ji?

In kana inda sigina ke da ƙarfi, e. In kana gefe, a'a. FM in ya yi rauni sai ya riƙa shuuu, amma ka karkata eriya, ka kara a kunne, ka tsinci labarinka. Dijital ba ya wannan lallami. Ya ɗan yi kamar tafasar tukunya, sai ɗif.

Wa zai riƙe na'urar watsawa?

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Ni na yi wa kaina, don ita ce ya kamata ku riƙa yi, musamman ku masu gidajen rediyo da ke ta ɗokin a koma zamani.

A FM, kowace tasha da na'urarta, da hasumiyarta, da janaretanta. A DAB+ ba haka ba ne. Ɗaure tashoshi ake yi dami guda, goma sha wani abu, na'ura ɗaya ta ɗauke su a mita ɗaya. Kuɗin dizal ya ragu, gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa tsayawa gaban tankin janareta a ƙarshen wata ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma mai damin shi ne mai gida, ku 'yan haya ne. Shi zai sa farashi, shi zai ce akwai gurbi ko babu. Haka aka tsara a talabijin: an raba mai shirya shirye-shirye da mai watsa sigina, aka ba ITS, wanda ya fito daga NTA, da kamfanin Pinnacle aikin watsawar.

Yanzu ku tuna Agustan 2022, lokacin da hukumar NBC, mai kula da gidajen rediyo da talabijin na Najeriya, ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin sabunta lasisi, kafin ta dakatar da matakin. A tsarin yau, rufe tashoshi 52 sai an je ƙofa 52. A tsarin dami, umarni ɗaya ga mutum ɗaya ya isa. Ban ce za a yi ba. Cewa na yi dokar da za ta tsara dijital, in ba ta fayyace wa zai mallaki damin, nawa zai caza, da sharaɗin cire tasha daga ciki ba, to an ba kura ajiyar nama. Ƙaramar tashar al'umma ta ƙauye ko ta jami'a, wadda na'urarta ba ta wuce ƙarfin gari ɗaya ba, ita ce za ta fara shan wahala.

Injiniya, ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari. Wakilina a Gwanzu ta ƙasar Sin ya ce in ɗauko kwantenar rediyon dijital tun kafin kowa ya farga. In ɗauko?

Alhaji, kwantena dai a'a. Katan ɗaya ko biyu na gwaji, wannan sai mu zauna mu yi magana, don amsar tana da rassa.

Na farko, wane dijital? Kafin hukuma ta ce ga tsarin da ƙasa za ta bi, ta ba da lasisi, tashoshi su hau, duk abin da ka shigo da shi caca ce. In da a ce dole in yi hasashe, sai in ce birane DAB+ za su karkata, saboda nan maƙwabta suka dosa. Hukumar sadarwa ta Gana, NCA, ta fara gwajinsa a Agustan 2023 da tashoshi 18 na Accra da Kumasi, ɗan unguwar Nima ta Accra ya ji tashar Kumasi, ɗan zangon Kumasi ya ji ta Accra. Amma ka lura da kalmar, gwaji ne, kuma abin da ya tura su shi ne zangon FM ya cika a manyan biranensu. Matsalar Legas ke nan, wataƙila da Abuja. Ba matsalar Gumel ko Illela ba ce. Afirka ta Kudu kuwa da ta fitar da ƙa'idojinta a 2021, tsari biyu ta amince da su, DAB+ da DRM, ba ta zaɓi ɗaya ba. In Najeriya ta bi wannan sawu, akwatin da ke kama ɗaya kawai rabin kaya ne.

Ni a ra'ayina, ƙasa mai faɗi irin arewa, da makiyaya da manoma a warwatse, DRM ya fi dacewa da ita, don yana hawa matsakaicin zango da gajeren zango, na'ura ɗaya ta wadatar da jihohi. Ba baƙo ba ne ma a nan: tashar Muryar Najeriya da aka buɗe a Lugbe ta Abuja a 2012 da na'urori masu iya watsa DRM aka gina ta. To amma wa ya ji? Akwatin kamawar ne babu a kasuwa. Ko a Indiya, inda gidan rediyon gwamnati ya sauya manyan na'urorinsa na matsakaicin zango da dama, yawancin masu kama DRM a cikin sabbin motoci suke, ba a hannun mai shayi ba. Saboda haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne ya fi wuyar samu, kuma ya fi tsada. Ka ga inda gizo ke saƙar.

Na biyu, ka san mai sayenka. Mutumin da ke ɗaukar Kchibo, ya zuba batir biyu su kai shi kwana da kwanaki, ba zai biya ninkin kuɗin don akwatin da ke shan batir kamar rijiya ba. Na'urar da ke fassara lambobin tana cin wuta fiye da rediyon gargajiya, ko da sababbin sun fi na da sauƙi. In za ka ɗauko, ka nemi mai batirin caji, in da hali mai ɗan faifan sola.

Na uku, kuma nan ne ake cutar mutane: kada ka karɓi wanda aka rubuta DAB kawai babu alamar tarawa a gabansa. Tsohon DAB ba ya buɗe shirye-shiryen DAB+, zai nuna maka sunan tasha ya yi shiru. Kayan gwanjo na Ingila cike suke da irinsu. Sannan ka tabbata yana da FM, har da gajeren zango in ya samu. In ya haɗa waɗannan, ko dijital bai zo ba ka sayar da shi a matsayin rediyo mai kyau, asararka ba ta wuce 'yar ribar da ka rage ba. In kana da abokan ciniki a Gana, ka fara da su. In kuwa duk kasuwarka Kano ce da Maraɗi, ni da kuɗina ne da na jira sai na ji sanarwar lasisi daga bakin NBC, kuma ko a lokacin ba zan yi gaggawa ba, tunda mun ga tsakanin biki da aiki a dikodar talabijin. Amma kuɗinka ne, Alhaji. Kada dai ka ce ni na ce ka ɗauko.

Motata 'yar Beljiyam ce, akwai maɓallin DAB. Na danna ba komai. Ta lalace?

Lafiyarta ƙalau. Tun Disambar 2020 dokar Tarayyar Turai ta tilasta sa shi a sababbin motoci, shi ya sa kake ganinsa. Abin kamawar ne babu a inda kake. Kada ka bari wani mai gyara ya kwance maka gaban mota a kan wannan. Masu motar Amurka kuma, HD da SiriusXM, rediyon tauraron ɗan'adam na can, da kuke gani ba za su yi aiki a nan ba, kuma in rediyonku yana tsallake wasu tashoshin FM, saitin can ne, yana tafiya 88.1, 88.3, 88.5, ba ya tsayawa a tsakani.

Sauraron tasha a waya ta intanet fa, ba shi ne dijital ba?

Dijital ne, amma ba shi muke magana ba. Wancan in data ta ƙare, ya ƙare.

Ɗana, ni dai labaran asuba na gajeren zango nake ji. Za a raba ni da su?

Kwantar da hankalinka, Baba. Ba wannan sauyin ne zai raba ka da su ba. Gajeren zango daga nesa yake tasowa, ba ya neman izinin kowa kafin ya tsallako iyaka. Da mahukuntan Nijar suka dakatar da RFI a Agustan 2023, da BBC a Disambar 2024, tashoshin FM na cikin gida masu karɓo shirye-shiryen aka iya tsayarwa, mai ƙaramin akwati da doguwar eriya bai rasa hanya ba. Abin da zai iya raba ka da su shi ne in gidajen da kansu suka ga kuɗin ya yi musu yawa suka rage sa'o'i, kuma wannan shawara a can ake yanke ta, ba a Abuja ba.

To yanzu me zan yi da rediyon nawa?

Ka sa masa batir.